Baƙin Tailan da Bakinsu: Abin da Suke Faɗa da Abin da Suke Haɗiyewa

A watan Fabrairu na 2020, lokacin da cutar korona ta fara leƙo kai, ministan lafiyar Tailan na wancan lokaci, Anutin Charnvirakul, ya fita rabon takunkumi a wata tashar jirgin ƙasa da ke tsakiyar Bankok. Wasu Turawa suka wuce ba su karɓa ba. Ransa ya ɓaci, ya juya ga 'yan jarida ya ce irin waɗannan farang ɗin kamata ya yi a kore su daga ƙasar. Daga baya ya ba da haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Turawan da ke zaune a Tailan ba su manta ba, har ranar da mutumin ya zama firaminista a watan Satumba na 2025.

Farang shi ne sunan da mutanen Tailan ke kiran farar fata, kamar yadda muke cewa Bature ko Nasara. Ba zagi ba ne a karan kansa, ya danganta da bakin da ya fito. Waɗannan farang su ne masu ƙarar murya a yawancin sharhin da ake yi kan Tailan da Turanci, ko a shafin wasiƙu na jaridar Bangkok Post, ko a Facebook da YouTube, ko a teburin mashaya a Pattaya. Duk wanda bai iya yaren Tai ba, har da mu, sau da yawa ta bakinsu yake jin ƙasar. Saboda haka ya kamata a san wane ne mai maganar, da irin igiyar da ke ɗaure a ƙafarsa lokacin da yake yin ta.

Igiyar farko takarda ce. Wanda ya kai shekara 50 yana iya samun izinin zama na masu ritaya idan ya nuna baht 800,000 (baht shi ne kuɗin ƙasar) a bankin Tailan, ko kuɗin shiga baht 65,000 kowane wata. Mai auren 'yar ƙasa baht 400,000 ake nema ya ajiye. Izinin na shekara ɗaya ne, in ta zagayo a sake layi. Kowane kwana 90 sai ya sanar da ofishin shige da fice inda yake zaune, mai gidan da yake haya ma akwai takardar da ake kira TM30 da zai cike a kansa. Ba a ba shi damar mallakar fili, a benen gidaje kuma kason baƙi ba ya wuce kashi 49 cikin ɗari. A wasu gandun daji na gwamnati ɗan ƙasa yana biyan baht 40 a ƙofa, shi kuwa 400. Mutum zai shekara 25 a ƙasar, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya gina gida da sunan matarsa, amma ba shi da ƙuri'a, kuma wani jami'i a bayan tebur yana iya ce masa bana takardunka ba su cika ba. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Wanda ke rayuwa haka, abin da ya shafi biza da musayar kuɗi da haraji shi ne siyasarsa ta gaskiya. Da hukumar haraji ta ce daga 1 ga Janairu 2024 kuɗin da mazauni ya shigo da shi daga waje yana iya shiga lissafin haraji, surutun da ya tashi a tsakanin baƙi ya fi wanda suka yi da kotun tsarin mulki ta rushe jam'iyyar Move Forward a watan Agusta na shekarar. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Kowa inda ke masa ƙaiƙayi yake sosawa. Sai dai mai karatu ya san cewa abin da ya fi tayar musu da hankali ba lallai ne ya zama abin da ya fi damun ƙasar ba.

Igiya ta biyu yare ce. Yaren Tai yana da karin sauti biyar, rubutunsa kuma baƙaƙe 44 ne ban da wasula, ba a kuma barin sarari tsakanin kalmomi. Mu da muka san yadda karin murya ke raba kalma da kalma a Hausa ba za mu yi mamakin wahalarsa ba, amma Bature ɗan shekara 60 da ya zo hutawa ba kasafai yake zama ya koye shi ba. Da yawa suna iya sayen abinci da cinikin tasi, su tsaya nan. Ba sa karanta Thai Rath, jaridar da ta fi kowace yaɗuwa a ƙasar, ba sa jin muhawarar majalisa, ba sa gane habaicin da matasa ke yi a intanet. Abin da ke iso musu shi ne abin da aka tace aka juya zuwa Turanci. Bangkok Post, wadda aka kafa a 1946, tana nan. The Nation ta daina fitowa a takarda a 2019. Akwai Khaosod English da Prachatai da sashen Turanci na Thai PBS masu aikin jarida na sosai, amma abin da ya fi yawo shi ne ƙananan kafafen garuruwan yawon buɗe ido, waɗanda abincinsu na kullum shi ne Bature ya faɗo daga bene a Pattaya, direbobin tasi sun yi dambe a Phuket, an kama wani ya wuce wa'adin bizarsa. Wanda ya shekara goma yana karya kumallo da irin wannan labari, dole ya ɗauka ƙasar gidan mahaukata ce.

Daga nan ne aka samu jimlar da suka mayar kamar azkar, wato "wannan ita ce Tailan", wadda suke rufe kowace muhawara da ita. Ma'anarta kada ka nemi dalili, babu shi. Suna kuma da kalmomin Tai biyu ko uku da suke buɗe kowace ƙofa da su: mai pen rai, wato ba komai, da kreng jai, wadda ta yi kusa da abin da muke kira kara ko kawaici, da tsoron zubar da mutunci a gaban jama'a. Duk waɗannan halaye ne na gaske. Amma idan gada ta rushe ko ɗan sanda ya karɓi na goro, sai a ce ai al'adarsu ce, an huta da binciken wanda ya ba da kwangila da nawa ne albashin kurtu. Mu ma mun san irin wannan bayani, an sha yi mana shi.

Igiya ta uku ita ce mafi kauri. Sashe na 112 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ɓata sunan sarki, ko sarauniya, ko yarima mai jiran gado, ko muƙaddashin sarki, kuma kowace magana ana lissafa ta daban. Kowa yana iya kai ƙarar kowa. A 2021 an yanke wa wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati shekara 43, a farkon 2024 kuma wani mutumin arewacin ƙasar ya samu shekara 50 saboda rubuce-rubucen Facebook. Fasfon waje ba laya ba ne. A 2007 an yanke wa wani ɗan Suwizalan shekara 10 a Chiang Mai saboda ya fesa fenti a hotunan sarki, aka yi masa afuwa aka kore shi. A 2009 wani marubuci ɗan Ostireliya ya samu shekara 3 saboda sakin layi guda a wani littafi da bai sayar da ko kwafi goma ba. A watan Afrilu na 2025 aka kama Paul Chambers, Ba'amurke malamin Jami'ar Naresuan wanda ya daɗe yana nazarin sojojin Tailan, bisa ƙorafin rundunar soja. Masu gabatar da ƙara sun janye daga baya, amma aikinsa da bizarsa sun tafi, ya bar ƙasar.

Ƙarƙashin wannan akwai dokar ɓata suna, wadda a Tailan laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, har shekara 2 idan an wallafa maganar, ga kuma dokar laifukan kwamfuta ta 2007. A 2020 wani Ba'amurke ya kwana biyu a hannun 'yan sanda saboda ya rubuta sukar wani otal na tsibirin Koh Chang a intanet, sai da ya ba da haƙuri a bainar jama'a aka bar maganar. Andy Hall, ɗan Birtaniya mai fafutukar haƙƙin 'yan ci-rani, ya shafe shekaru yana zaryar kotu bayan wani rahoto na 2013 kan wata masana'antar abarba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Phuketwan, ƙaramar kafar labarai a Phuket da Alan Morison ɗan Ostireliya ya kafa, yana aiki da 'yar jaridar Tai Chutima Sidasathian. Su ne suka daɗe suna bin diddigin yadda ake safarar Musulmin Rohingya ta tekun Andaman. A 2013 rundunar sojan ruwa ta maka su a kotu saboda sakin layi ɗaya da suka ɗauko daga rahoton Reuters, rahoton da daga baya ya ci kyautar Pulitzer. Kotu ta wanke su a watan Satumba na 2015, amma a ƙarshen shekarar kafar ta rufe.

To, idan ka haɗa igiyoyin nan uku za ka gane siffar ra'ayin baƙo a Tailan. Yana da kaifin baki a kan direban tasi da ya ƙi kunna mita, da hanyar ƙafa da ta farfashe, da hayaƙin ƙona gonaki da ke rufe Chiang Mai daga Fabrairu zuwa Afrilu. Idan aka zo kan fada da soja da manyan iyalan da ke riƙe da tattalin arziki, sai ya koma raɗa ko ya yi gum. Wanda ya karanta sharhinsu daga nesa zai ɗauka babbar matsalar ƙasar ita ce farashi biyu a ƙofar gandun daji.

A siyasa kuwa, ra'ayin baƙo yakan bi unguwar da yake kwana. Tun da aka kawo ƙarshen sarauta mai cikakken iko a 1932 sojoji sun kifar da gwamnati fiye da sau goma, na baya-bayan nan su ne na 2006 da ya kawar da Thaksin Shinawatra da na 2014 da Janar Prayut Chan-o-cha ya kawar da gwamnatin Yingluck, ƙanwar Thaksin. Baƙon da ke aiki a ofis a Bankok, abokan aikinsa masu hali ne, kuma daga bakinsu ya ji cewa talakawan karkara sayar da ƙuri'a suke yi, Thaksin ɓarawo ne. Wanda ya auri 'yar Isaan, yankin arewa maso gabas, ya zauna a Udon Thani ko Khon Kaen, shi kuma ya ga surukarsa ta je asibiti ta biya baht 30 kacal a ƙarƙashin shirin lafiyar da gwamnatin Thaksin ta kawo, ya ga asusun baht miliyan ɗaya da aka ba kowane ƙauye. Kowannensu yana da rabin gaskiya. Na farko yakan manta cewa mutanen nan sun san abin da suka zaɓa. Na biyu yakan manta da yaƙi da ƙwaya da gwamnatin Thaksin ta yi a 2003, wanda aka kashe mutum sama da 2,000 a cikinsa cikin 'yan watanni.

Abin da ya fi tona asirin wannan ra'ayi shi ne yadda ake auna rikici da jin daɗin kai. Masu rigar ɗorawa, 'yan adawa da Thaksin, sun rufe filayen jirgin saman Bankok biyu a ƙarshen 2008, sai baƙi da yawa suka juya musu baya, don jirginsu ya maƙale. Masu jar riga, magoya bayan Thaksin, sun mamaye tsakiyar kasuwancin birnin a 2010, aka kashe mutum kusan 90, aka ƙona katafaren kantin CentralWorld, sai aka yi ta jimamin kantin. Da Prayut ya karɓi mulki ya sa dokar hana fitar dare, cikin makonni biyu aka ɗage ta a Pattaya da Phuket da Samui don kada masu yawon buɗe ido su gudu. Sojoji suka share rumfunan da suka cika bakin tekun Phuket, suka yi wa ƙungiyoyin tasi barazana, baƙi da dama suka tafa, suna cewa ga tsari ya zo. A daidai lokacin ana kiran 'yan jarida da malaman jami'a barikin soja don abin da gwamnatin ta kira gyaran tunani. Sai a 2023, da Move Forward ta fi kowa kujeru a zaɓe amma 'yan majalisar dattawa 250 da soja suka naɗa suka hana shugabanta Pita Limjaroenrat zama firaminista, wasu daga cikin masu tafin suka fara tambayar abin da suka tafa wa.

Batun tsaro ma haka yake, tsoron ba ya zuwa inda haɗarin yake. A watan Satumba na 2014 aka kashe wasu matasa biyu 'yan Birtaniya a tsibirin Koh Tao. Prayut ya yi suɓul da baka a kan irin tufafin wanka da mata baƙi ke sawa, ya dawo ya nemi afuwa. Aka kama 'yan ci-rani biyu daga Myanmar, suka amsa laifi, suka dawo suka ce azabtar da su aka yi. An yanke musu hukuncin kisa a 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2019, afuwar sarki ta mayar da shi ɗaurin rai da rai a 2020. Shakkun da aka nuna kan yadda aka kula da shaidar ƙwayar halitta shakku ne mai tushe. Amma daga nan jaridun Ingila suka laƙaba wa wurin tsibirin mutuwa, duk baƙon da ya rasu a can, ko nutsewa ya yi, sai a ce an rufa-rufa. Shekara goma ana tauna wannan zance.

Abin da ke kashe mutane kullum kuwa yana kan kwalta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya sa Tailan ta biyu a duniya bayan Libiya wajen mutuwa a haɗarin hanya. Na 2018 ya nuna mutum 32.7 cikin kowane 100,000, kusan uku cikin huɗu masu babur ne. Hukumomi da kansu suna kiran makon sabuwar shekara da makon bikin watsa ruwa na Songkran kwana bakwai masu haɗari. A nan baƙi suna da gaskiya idan suka yi kuka, sai dai da yawansu suna cikin matsalar. Wanda bai taɓa hawa babur a ƙasarsu ba zai yi hayar ɗaya a Phuket ko Pai, babu lasisi, babu hular kwano, wataƙila ya ɗan kurɓa, in ya faɗi kamfanin inshora ya ce ba ruwansa, sai a koma neman taimako a intanet ana zagin asibiti.

Akwai kuma abin da kusan ba ya shiga bakinsu sam. A lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, can kudu inda Musulmi 'yan ƙabilar Malay suka fi yawa, rikicin da ya sake ɓarkewa a 2004 ya ci rai sama da 7,000. A Tak Bai, ranar 25 ga Oktoba 2004, cikin watan azumi, aka loda masu zanga-zanga a motocin soja kamar buhuna, mutum 78 suka mutu saboda rashin numfashi, ban da 7 da aka harbe. A watan Oktoba na 2024 wa'adin shekara 20 da doka ta bayar na gurfanar da waɗanda ake zargi ya cika ba tare da an hukunta kowa ba. Babu otal ɗin hutu a can, don haka babu farang, don haka babu surutu.

Kada a ce na tsaya gefe ɗaya. Baƙo shaida ne mai amfani a wuraren da ɗan ƙasa ya gaji ya saba, musamman shingen 'yan sanda. A watan Janairu na 2023 wata 'yar fim daga Taiwan ta ce 'yan sandan Bankok sun tatse ta da abokan tafiyarta baht 27,000 a shinge saboda sigarin lantarki. Da farko aka ƙaryata ta, har aka ce a buge take. Da magana ta yi ƙarfi aka amsa, kotu ta ɗaure jami'ai huɗu. Ɗan ƙasa da aka yi wa haka da wuya a ji shi. Sannan a manyan shari'o'i bakin baƙi da na 'yan ƙasa yakan zo ɗaya, kamar na Vorayuth Yoovidhya, jikan wanda ya ƙirƙiro Red Bull, da ya take ɗan sanda da Ferrari a 2012, ya fice daga ƙasar a 2017. Sai dai a tuna cewa da aka janye tuhumar a 2020, fushin 'yan Tailan ne ya tilasta aka sake buɗe ta. Gwamnati tana jin baƙo ne idan maganarsa za ta taɓa aljihu, domin ƙasar da ta karɓi masu yawon buɗe ido kusan miliyan 40 a 2019 ba ta wasa da sunanta. Kuma a wannan ma'auni Basine ya fi Bature nauyi. Da jirgin ruwa ya nutse a Phuket a 2018 Sinawa 47 suka mutu, mataimakin firaminista Prawit Wongsuwan ya ɗora laifin kan masu kamfanin yawon buɗe ido Sinawa, ba a daɗe ba ya ba da haƙuri. Da aka yaudari ɗan fim Wang Xing aka tsallaka da shi sansanin 'yan damfara a Myanmar a watan Janairu na 2025, cikin kwanaki aka dawo da shi.

Haƙurin 'yan ƙasa ma yana da iyaka. A farkon 2024 aka zargi wani ɗan Suwizalan mazaunin Phuket da shurin wata likita 'yar Tai da ke zaune a matakalar bakin teku kusa da gidansa. Aka gano matakalar ma a filin jama'a aka gina ta. Ɗaruruwan mutanen gari suka fito zanga-zanga a wurin, aka soke bizarsa. Amsar da ɗan Tai ke ba baƙo mai yawan ƙorafi ba ta canza ba: in ba ta yi maka ba, filin jirgi yana nan.

Duk wannan zance kuwa na 'yan tsiraru ne. Mafi yawan baƙin Tailan ba farang ba ne. Miliyoyin 'yan Myanmar da Kambodiya da Laos ne ke gina benayen Bankok, suke ɓare jatan lande a Samut Sakhon, suke shiga jiragen kamun kifi. Da korona ta ɓulla a kasuwar jatan lande ta Samut Sakhon a watan Disamba na 2020, waya mai ƙaya aka zagaye masaukinsu da ita. Ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu kan tsaron jama'a. Haka 'yan Afirka ta Yamma da ke sarin tufafi a Pratunam, ko cinikin duwatsu masu daraja a Chanthaburi, ko zama a gidajen abincin halal na layi na 3 a titin Sukhumvit. A 2017 da 2018, ƙarƙashin jami'in 'yan sanda Surachate Hakparn, an yi ta samamen kama baƙi marasa takarda, taken hukumar shige da fice kuma shi ne nagari su shigo, miyagu su fita. Akwai 'yan damfara da masu ƙwaya a cikin waɗanda aka kama, ba a musu. Amma baƙar fata ita ce alamar farko da ake tsayar da mutum a titi, a nemi fasfo, wani lokaci a nemi fitsari a gwada. Ɗan kasuwar da ya zo da bizarsa daidai, da rasitan kayansa a jaka, shi ma yakan tsinci kansa a wannan layi, hannu a bango, yayin da ɗan fanshon da zai rubuta doguwar wasiƙa gobe kan yadda ake nuna wa baƙi bambanci a ƙofar gandun daji yake wucewa ta gefensa zuwa mashaya.